Yadda nake karantar da 'ya'yana a gida a Bronx

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, haifaffiyar Kano, aure ya kawo ni unguwar Bronx ta birnin New York, kuma a gida nake karantar da yarana, boko da Alƙur'ani duka. Babbar tana aji bakwai, mai bi mata yana aji huɗu, auta kuwa yanzu ta fara haɗa baƙi. 'Yan'uwa mata na Najeriya da Nijar da zangunan Ghana kan tare ni a masallaci ko wurin suna da tambaya guda: "Maman yara, wane littafi zan saya?" Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba, domin littafi shi ne na uku a layi. Kafinsa akwai takardun hukuma, sannan akwai sanin inda yaron yake tsaye a karatu. Wannan na biyun shi ne ke yanke hukunci a kan littafin da za a saya, da tsawon darasi, har ma da rabin rigimar da za a yi a teburin karatu.

Bari in fara da takardu, don su ne ke jefa mutane cikin wahalar da ba ta kamata ba. A Amurka kowace jiha da dokarta. New Jersey, da ke tsallaken kogi, ba ta neman rahoto daga iyaye, haka ma Texas. New York tana cikin masu tsauri, kuma ƙa'idarta tana sashe na 100.10 na dokokin Kwamishinan Ilimi na jiha. Karatu wajibi ne daga shekara 6 zuwa 16, a cikin birnin New York kuwa har 17. Ba a neman uwa ta nuna digiri ko takardar malanta. Abin da ake nema shi ne wasiƙar sanar da niyya, wadda za ta isa hukumar ilimi kafin 1 ga Yuli na kowace shekara, ko cikin kwana 14 da fara karatun gida idan a tsakiyar shekara aka fara. Hukuma za ta aiko da fam na tsarin karatun yaro, wanda kowa ke kira IHIP. Za ki mayar da shi cikin mako huɗu da karɓarsa ko ranar 15 ga Agusta, duk wanda ya fi nisa. Kowane yaro da nasa fam ɗin.

Idan yaronki yana makaranta, kada ki janye shi ki yi shiru. Makaranta za ta ci gaba da rubuta masa fashi, kuma fashin da ya yi yawa yana iya kaiwa ga hukumar kula da yara ta ACS a matsayin sakaci da ilimi. Ki aika wasiƙar ta imel, ki ajiye amsar da aka ba ki, ki buga kwafi ki sa a fayil, sannan ki sanar da makarantar a rubuce.

A cikin IHIP ana son sunan yaro da shekarunsa da ajinsa, sunan mai koyarwa, ranaku huɗu da za ki miƙa rahoto, ɗaya a kowane zango, da littattafai ko tsarin da za ki bi a kowane fanni. Daga aji ɗaya zuwa shida fannonin su ne lissafi, karatu, rubutu, haɗa haruffan kalma, Turanci, labarin ƙasa, tarihin Amurka, kimiyya, kiwon lafiya, waƙa da kiɗa, zane, da motsa jiki. A kowane aji kuma dole a taɓa kishin ƙasa, illar giya da ƙwaya da taba, dokokin hanya har da na keke, da kiyaye gobara. Shawarata a nan ita ce kada ki cika baki a takarda. Doka ta ce idan a wani zango ba ki kai kashi 80 cikin ɗari na abin da kika tsara ba, sai kin rubuta dalili. Wadda ta rubuta "babi na 1 zuwa na 30" ta ɗaure kanta da igiyar da ta saƙa. Ki rubuta batutuwan da za a koya, ki ambaci littafin, ki ƙara da cewa za a yi amfani da wasu kayan karatu idan buƙata ta taso. Shafi biyu ya wadatar.

Wasu iyayen kan tsaya cak idan suka ga waƙa da kiɗa. Doka ba ta ce a sayi piyano ba. Mu da ƙasidu da waƙoƙin gaɗa da tafi muke cika wannan gurbi, ana koyon kari da amsa amo da hawa da saukar murya. Darasin gobara kuwa kada a ɗauke shi cika takarda. Gobarar da ta tashi a wani dogon bene na Bronx ranar 9 ga Janairun 2022 ta kashe mutum 17, takwas daga cikinsu yara, akasari 'yan'uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Na'urar ɗumama ɗaki ce ta haddasa ta, hayaƙi kuma ya cika benen ne saboda ƙofofin da suka zauna a buɗe. Ki koya wa yara su ja ƙofa ta rufu idan suna gudun wuta, su san inda matakala take, kada su shiga lifta, su haddace adireshin gida da lambar 911.

To, sai auna yaro. Kada ki dogara da ajin da shekarunsa suka ba shi. Ki ɗauko littafin da ake cewa na ajinsa ne, ki ƙirga kalma 100, ki ce ya karanta da ƙarfi, ke kuma kina ɗiga alama a takarda duk inda ya yi tuntuɓe, ba tare da kin gyara masa ba. Kuskure biyar ko ƙasa da haka, zai iya karanta littafin shi kaɗai. Daga shida zuwa goma, sai kina kusa da shi. Ya haura goma, littafin ya fi ƙarfinsa, ki sauko mataki ɗaya ki sake gwadawa. Bayan ya gama ki rufe littafin ki ce ya ba ki labarin abin da ya karanta. Akwai yaran da bakinsu ke gudu amma ba su riƙe komai ba, musamman waɗanda Hausa ce harshen gida kuma kalmomin Turancinsu ba su da yawa. Irin wannan yaro ƙarin karanta masa littafi da hira a kai yake buƙata, ba ƙarin darasin haruffa ba.

A lissafi masu buga littattafai sun sauƙaƙa aikin. Saxon da Singapore Math da Math-U-See duk suna da gwajin tantance mataki kyauta a shafukansu na intanet. Ki buga, ki ba yaro, ki zauna nesa, kada ki ce uffan. Inda ya fara kakarewa nan ne matakinsa. Idan gwajin ya mayar da ɗan aji huɗu littafin aji uku, ki sayi na aji uku. A manhajar Singapore Math wannan ba abin mamaki ba ne, don tsarinsu yana gaba da na makarantu da yawa. Idan lambar da ke bangon littafin za ta karya masa gwiwa, ki lulluɓe bangon da takarda.

Manhajar lissafi iri biyu ce a zahiri, kuma sanin bambancinsu ya fi sanin sunayen kamfanoni. Saxon yana ba da sabon abu ɗan kaɗan kowace rana, sannan ya biyo da tambayoyi wajen 30 da suka gauraya tsoho da sabo. Ya dace da yaro mai mantuwa, amma mai saurin fahimta yana gajiya da shi, sai ya fara ha'inci. Singapore yana tsayawa a kan batu ɗaya har ya nuna, yana bi daga abin da hannu ke taɓawa zuwa zane, daga zane zuwa lambobi. Misali: mace tana da dala 45, ta kashe kashi biyu cikin biyar, nawa ya rage? Yaro zai zana dogon akwati ya raba shi gida biyar, kowane gida 9, ya soke biyu, ya ga 27 da idonsa kafin ya rubuta. Hanya ce mai kyau ƙwarai, sai dai tana buƙatar uwa ta sayi littafin jagoran malami ta karanta darasin tun da dare. Mu da aka koya wa lissafi da hadda, idan muka tsallake jagoran, sai mu koyar da littafin Singapore da salon firamarenmu, kuɗin ya tafi a banza.

Ga alamar da nake so kowace uwa ta gane. Ki ba yaro 42 a ɗebe 17. Idan ya rubuta 35, ya ɗebe ƙaramar lamba daga babba ne a kowane gida, wato bai san abin da ake nufi da gidan goma ba. Ƙarin tambayoyi hamsin ba za su gyara wannan ba. Ki samo tsinken sakace, ki ɗaure su goma-goma da roba, ki ajiye ɗauri huɗu da tsinke biyu. Ki ce ya ba ki bakwai. Zai ga dole sai ya kwance ɗauri guda. Ya yi haka da hannunsa kullum har mako ɗaya ko biyu kafin a koma takarda. Haddar sau kuma minti biyar a rana ta ishe ta, a fara da 2 da 10 da 5, a bar 7 da 8 zuwa ƙarshe. Kada a manta da ma'aunin ƙasar nan. Mun tashi da mita da kilo, jarrabawarsu kuwa tana tambayar inci da ƙafa da galan, da sulallan da na senti goma ya fi na senti biyar ƙanƙanta.

Abin da ya fi lalata lissafin yaran gida shi ne sauya manhaja a tsakiyar shekara. Kowace manhaja da jerin da take bi, wata tana kawo rabawa da wuri, wata tana jinkirta ta. Mai tsalle daga wannan zuwa waccan yana barin ramuka da ba za a gani ba sai an zo lissafin ɓangarori. Ki ba littafi aƙalla zango guda. Idan ana kuka, ki fara rage yawan aikin ko ki koma baya babi biyu kafin ki zargi littafin.

Koyon karatu da sautin harafi ake farawa, ba da sunansa ba. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai wajen 44, shi ya sa yaron da ya iya rera haruffa tun daga farko har ƙarshe yake kasa karanta kalma mai harafi uku. Tsarin koyon karatu na Jolly Phonics, wanda malamai da yawa a Najeriya suka sani, yana farawa da s, a, t, i, p, n, don da su kaɗai ana haɗa kalmomi masu yawa. All About Reading ma yana bin sauti daki-daki. Minti 15 zuwa 20 a rana, kwana biyar a mako, ya fi awa biyu ranar Asabar. Ni da Hausa nake fara wa yaro idan yana jin ta, domin rubutunmu ba ya yaudara, ba be bi bo bu yadda aka rubuta haka ake faɗa, kuma yaro yana saurin gane cewa haɗa sauti ke haifar da kalma. Inda ake samun karo shi ne wasula da harafin c, waɗanda Turanci ke furtawa daban. Maganinsa littafin rubutu daban, lokaci daban, kada a haɗa harsunan biyu a zama ɗaya. Juya b da d abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai, balle ga yaron da ke koyon Larabci daga dama zuwa hagu. Amma idan ya wuce haka yana juyawa, yana mance kalmar da ya karanta a layin sama, kuma yana ƙin karatu ƙi na gaske, ki rubuta wa hukumar ilimi ki nemi a auna shi. Kyauta ne ko da a gida yake karatu, kuma neman taimako na musamman na shekara mai zuwa yana da wa'adin 1 ga Yuni.

Akwai manhajoji da ake sayarwa cikin kwali guda, komai da komai na shekara, kuɗinsu daloli ɗaruruwa. Kafin ki biya ki duba samfurin shafukansu. Abeka da BJU Press, alal misali, an gina su ne a kan koyarwar Kirista tun daga karatu har kimiyya da tarihi, kuma ba su ɓoye hakan ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi, Core Knowledge yana ba da darussan tarihi da kimiyya da Turanci a sauke kyauta, shafin intanet na Khan Academy kuma yana da amfani wajen bita, ko da yake ban yarda a miƙa masa ƙaramin yaro gaba ɗaya ba. Kyautar tana da kuɗinta a tawada da takarda, don haka firinta mai amfani da hoda, baƙi da fari, ta fi mai launi rahusa nesa ba kusa ba. Sauran kuma laburare ne. Katin New York Public Library kyauta ne, kuma tun Oktoban 2021 suka daina cin tarar jinkirin mayar da littafi.

Tarihi nakan haɗa nasu da namu. Idan muna kan zamanin bauta sai mu je maƙabartar 'yan Afirka da aka gano a kudancin Manhattan a 1991, ko cibiyar Schomburg ta nazarin tarihin baƙar fata da ke unguwar Harlem. Idan muka zo shekarun 1800 sai in kawo jihadin Shehu Usmanu na 1804 da Nana Asma'u, wadda ta tsara 'Yan Taru, malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu. Yarinyar da ake karantarwa a falo ya kamata ta san abin yana da asali a wurinmu.

Alƙur'ani shi ne farkon abin da muke yi da safe, kuma ba na sa shi cikin sa'o'in da nake kai wa hukuma. Kashi uku ne kullum: sabon darasi layi uku zuwa biyar, bitar abin da aka ɗauka cikin kwana bakwai da suka wuce, sannan tishin tsohuwar hadda. Idan lokaci ya ƙure, sabon darasin ake bari, ba tishi ba, domin hadda daga baya take zubewa. A tsaya a kan mushafi ɗaya, irin na Madina mai layi 15 da shafi 604, saboda ido yana haddace wurin da aya take. A kuma zaɓi ruwaya ɗaya. Da yawa daga cikinmu da Warshu muka tashi a makarantar allo, masallatan nan kuwa Hafsu suke karantawa, kuma yaron da uwa ke biya masa da wannan malam na biya masa da waccan zai rikice. Masu ɗaukar malami daga gida ta bidiyo su tuna Najeriya da Nijar suna gabanmu da awa biyar a lokacin zafi, shida a lokacin sanyi. Ki zauna inda kike jin darasin, kada a bar yaro da waya shi kaɗai a ɗaki.

Doka tana son kwatankwacin kwana 180, awa 900 a shekara ga aji ɗaya zuwa shida, 990 daga aji bakwai. Wato awa biyar a rana, 225 a zango. Wannan lissafi ne ke sa sababbin shiga su dasa ɗan shekara shida a kujera tun safe har azahar, kafin wata guda kowa ya tsani kowa. Zaman tebur na ƙaramin yaro bai kamata ya wuce awa biyu ba. Sauran sa'o'in suna cikin karanta masa littafi, zuwa laburare, wasa a fili, awon fulawa a kicin, zane, da ziyarar gidan namun daji. Duk karatu ne, muddin kin rubuta. Ki ajiye littafi guda, kowace yamma ki sa kwanan wata da abin da aka yi da tsawon lokacinsa, layi huɗu ko biyar. Ranar rahoto za ki gode wa kanki.

Tsawon darasi na ɗauko shi daga Charlotte Mason, malamar Ingila da ta rasu a 1923, wadda ta dage a kan gajerun darussa da sa yaro ya maimaita abin da ya ji da bakinsa. Minti 15 ga ɗan shida ko bakwai, 20 zuwa 30 ga ɗan tara, 40 zuwa 45 ga na aji bakwai. A riƙa sauya nau'in aiki: bayan lissafi a yi abin da ake tashi tsaye, bayan rubutu a yi saurare. Da yake ni kaɗai ce a kan uku, nakan fara da auta, don idan ta sami rabonta da wuri takan ƙyale ni. A lokacin babbar tana aikin da ba ya buƙatata, na tsakiya yana kwafin rubutu. Sai mu juya. Tarihi da kimiyya tare ake yi, abin da kowa zai rubuta ne ya bambanta.

Kada ki ɗaure jadawalin boko da sallar asuba yadda muke yi a gida Najeriya. A nan cikin Yuni alfijir na ketowa kafin ƙarfe huɗu, isha kuma sai bayan goma, a Disamba kuwa rana na faɗuwa wajen huɗu da rabi. Yaro ɗan 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. A lokacin zafi a yi sallah a koma barci, boko ya fara bayan karin kumallo. Shekarar karatu a takarda tana kamawa daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni, saboda haka za ki iya sassautawa a watan azumi ki rama a watannin da makarantu ke hutu.

Yanzu ga batun hali, wanda shi ne ke sa mata da yawa su mayar da yara makaranta kafin shekara ta zagayo. Idan yaro ya tubure, kafin in kira shi mai taurin kai nakan duba abu huɗu: ya yi barci, ya ci abinci, ya motsa jikinsa yau, kuma aikin daidai da shi ne? Na ƙarshen nan ya fi yawa. Mai kuka da jefar da fensir galibi aikin ya fi ƙarfinsa. Mai gaggawa da ƙazamin rubutu ya raina aikin ko an cika masa shi, sai a ce ya yi tambaya goma masu wuya, in ya ci duka a yafe sauran. Mai jan jiki, wanda ke fere fensir sau uku yana neman ruwa, bai ga ƙarshen aikin ba ne. A rubuta ayyukan ranar a allon bango ya riƙa sokewa da kansa, a ninke shafi biyu ya ga rabi kawai, a saita agogo minti goma. Idan agogo ya buga a tsaya, ko da ana cikin daɗi, don ya yarda cewa maganarki ɗaya ce.

Umarni daga kicin da ihu ba ya aiki. Ki zo kusa, ki kira sunansa, ki faɗi abu ɗaya, ki yi shiru ki ƙirga goma a zuci. Dokokin teburinmu uku ne kacal: ba a taɓa mai aiki, ba a katse wanda nake koya wa sai an ɗora hannu a kafaɗata an jira, kuma ba kallo sai an soke komai a allo. Hukunci ya zama ɗan'uwan laifin, kuma ya ƙare a ranar. Wanda ya ɓata lokacin lissafi zai biya daga lokacin wasansa. Wanda ya yi rubutu a bango zai goge. Ƙaramin da ya doki ɗan'uwansa zai zauna gefe minti ɗaya a kan kowace shekara tasa, sannan ya ba da haƙuri a wuce wurin. Barazanar hana kallo na wata guda ba wadda ke iya cika ta, kuma yara sun san haka.

Duka fa? Na san yadda aka tashe mu. Dokar New York tana ɗaukar dukan da ya wuce kima a matsayin cutar da yaro, likita ko ma'aikacin jinya da ya ga tabo wajibi ne ya kai rahoto, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito a 2018 ta ce a bar duka gaba ɗaya. Ko an ajiye doka gefe, a teburin karatu duka yana haifar da abu biyu da na fi tsoro: cinta da ɓoyewa. Yaron da ke jiran mari yana kallon fuskarki ne, ba kalmar ba, sai ya jefo duk abin da ya zo bakinsa. Kuma ba zai taɓa cewa "Umma, ban gane ba," alhali wannan jimla ita ce jarin mai koyarwa. Gori ma haka, musamman na haɗa shi da ƙanwarsa da ta fi shi saurin karatu. Idan ƙarama ta kusa cim ma babba a lissafi, ki sa su a manhaja daban-daban don kada a riƙa gwada shafi. Yabo kuma ya zama mai suna: "Ka duba aikinka ka gano kuskuren da kanka," ya fi "yaron kirki" amfani. Wayarki ma ta zauna a wani ɗaki har a tashi daga karatu.

Maigida yana da aikinsa, ko da tuƙi yake yi dare da rana. Ranar hutunsa yara su kawo littattafansu su nuna masa, ya saurari hadda, ya sa hannu. Kada a mayar da shi dodo da "bari Abbanku ya dawo," don hakan yana nuna wa yaro cewa maganar uwa ba ta da nauyi sai an ranto mata. Ladabi kuma iri biyu nake koyarwa a fili: a gaban manyanmu a russuna a gaida su a sunkuyar da kai, a gaban likita ko ma'aikacin laburare a dube shi a yi magana a ji. Yaro yana iya riƙe duka biyun idan an gaya masa wanne ne na ina.

Abokai sai an nema musu da gangan. Yaran gida a New York ba sa shiga ƙungiyoyin wasa na makarantun gwamnati, amma cibiyoyin motsa jiki na hukumar wuraren shaƙatawa ta birni kyauta ne ga yara, ga Islamiyyar ƙarshen mako, ga haɗuwar iyalai uku ko huɗu sau ɗaya a mako, kowace uwa ta ɗauki fannin da ta fi iyawa. Kuma gaskiya ba kowane gida ne wannan tsari ya dace da shi ba. Wadda ke aikin kula da tsofaffi da dare ta dawo da asuba, ko wadda Turancinta bai kai ta karanta jagoran malami ba kuma babu halin ɗaukar mai taimako, gara ta bar yaro a makaranta ta riƙe Alƙur'ani da Hausa da bita da yamma.

Rahoton zango shafi ɗaya ne: yawan sa'o'i, abin da aka koya a kowane fanni, da maki ko 'yar jimla a kan ci gaban yaro. Tare da na huɗu ake miƙa awon shekara. Aji ɗaya zuwa uku bayani a rubuce ya isa. Aji huɗu zuwa takwas sai an yi jarrabawar da jiha ta amince da ita, irin su waɗanda ake kira Iowa ko Stanford ko California, aƙalla shekara ɗaya cikin biyu. Daga aji tara kowace shekara ce. Abin da ake nema shi ne yaro ya ɗara 33 cikin kowane yara 100 da aka auna da jarrabawar, ko ya nuna ci gaban shekara guda a kan sakamakonsa na baya. In bai kai ba ana sa tsarin gidan a ƙarƙashin sa ido, a nemi ki kawo shirin gyara. Ki fara gwada masa cike 'yan da'irori da aiki da agogo wata guda kafin ranar, domin yaran gida ba su saba da su ba.

Wadda za ta ci gaba har sakandare ta san tun aji takwas cewa jiha ba ta ba ɗan gida takardar kammalawa irin ta makaranta. Hanyoyin su ne wasiƙar shugaban hukumar ilimi da ke shaida an kammala kwatankwacin sakandare, wadda ba ta samuwa sai rahotanni sun cika babu giɓi, ko jarrabawar GED mai zama madadin takardar sakandare, ko kiredit 24 na kwaleji a fannonin da aka ƙayyade, ko cin jarrabawar jiha ta Regents guda biyar. Idan kuma akwai niyyar yaro ya yi jami'a a Najeriya, WAEC da NECO duk suna da zama na masu rubutawa daga waje, JAMB tana neman lambar NIN kafin rajista, jami'o'i kuma suna son kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Irin wannan yaro a sama masa littattafan sakandaren gida da tsofaffin tambayoyi tun yana aji tara, a saba masa da rubutun Turancin Ingila da awon mita da kilo, don a kansu za a tambaye shi.